Tsofaffi Biyu da Akwatin Littattafan Yaƙi

Cikin shekarun da na yi ina aikin laburare, ranar da ta fi zama mini a rai ita ce ranar da na kwashe littattafan yaƙi daga kantarmu ta Bawku. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun sha jin labarin a bakin wasu, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Tunda an ce in faɗa da bakina, ga yadda abin ya kasance.

A lokacin ƙungiyarmu ɗakunan karatu uku gare ta: ɗaya a Salaga, ɗaya a Yendi, ɗaya a Bawku. Babban ofis yana Yendi, inda shugabarmu Hajiya Memuna take zaune. Ni Seidu, haifaffen Salaga ne, jikan fataken goro. A can na fara aiki a matsayin mataimaki, ina goge kanta da manna lamba a bayan littafi, daga baya aka ɗaga ni na zama mai kula da reshe, aka tura ni Bawku. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, littafi ba na reshe ba ne, na ƙungiya ne. Mai kula da reshe yana iya ba da aro, yana iya ɗinke wanda ya yage, amma idan shugaba ta ce a dawo da littafi Yendi, ba shi da ta cewa.

A Bawku na tarar da kanta guda cike da littattafan tarihin yaƙi. Iyalan wani tsohon hafsan soja da ya rasu a Kumasi ne suka ba mu su kyauta. Akwai na yaƙe-yaƙen duniya, da na yaƙin hamada, da na rikicin iyakokin ƙasashe, da na yadda manyan ƙasashe suke jan ƙanana cikin faɗansu. Kusan duka da Turanci suke, masu kauri, cike da taswira mai kibiyoyi ja da baƙi. Yara sukan buɗe su kalli hoton tankar yaƙi su mayar. Masu karanta su da gaske mutum biyu ne kawai.

Na farko Baba Saja Yakubu, tsohon soja da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje, dogo, mai tafiya kamar har yanzu ana buga masa ganga. Na biyu Ticha Abugri, tsohon malamin tarihi, gajere, mai tabarau ɗaure da zare. Kun san yadda garin yake idan an shiga zaman ɗar-ɗar tsakanin ƙabilun garin biyu: kowa yana da unguwarsa, kuma akwai titin da mutum ba ya tsallakawa. Baba Saja daga wannan ɓangare yake, Ticha daga wancan. Ɗakin karatunmu kuwa yana kusa da kasuwa, a tsakiya, inda kowa ke iya zuwa.

Kullum da hantsi sai su iso, kowa ta hanyarsa, su zauna a teburin da ke jikin taga. Harshensu na gida ba ɗaya ba ne, don haka da Hausa suke musu. Ticha zai karanta shafi ya ce janar wane ya yi kuskure da bai tsallaka kogi da wuri ba. Baba Saja zai ce ai wanda ya rubuta littafin bai taɓa tafiya da jiƙaƙƙen takalmi ba, sojan da bai ci abinci ba ba ya tsallaka ko kwata, balle kogi. Ticha ya ce a duba taswira, Saja ya ce taswira ba ta nuna sauro. Na sha tashi in nuna musu allon da aka rubuta a yi shiru. Sai su rage murya kamar na minti kaɗan, su kuma ɗora daga inda suka tsaya.

A wata shekara da aka sake sa dokar hana fita da yamma, Hajiya ta kira ni a waya wata ranar Litinin. Ta ce in tattara duk littattafan yaƙi in kawo su Yendi cikin makon nan. Wani daga cikin 'yan kwamitinmu ya gaya mata samari suna shigowa suna kallon hotunan bindigogi, kuma ba ta son a ce daga ɗakin karatunmu wani ya koyo wani abu. Na fara yi mata bayanin tsofaffin nan, ta ce za mu yi maganar wani lokaci, yanzu dai in yi abin da ta ce. Na ce to.

Washegari da sassafe na sauke su, na jera a akwatin ƙarfe, na cike gurbinsu da littattafan noma da kiwon zabi don kada kantar ta zama fanko. Da tsofaffin suka iso, Ticha ya miƙa hannu inda ya saba, ya jawo littafin takin zamani. Ya juya shi gaba da baya, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Da na gaya musu abin da ya faru, Baba Saja ya tambaye ni wa ya ba da umarnin. Na ce shugaba. Ya gyaɗa kai, ya ce na yi daidai, ƙaramin ma'aikaci ba ya musu da umarni, amma umarni bai hana farar hula kai kuka ba. Ya tambayi ranar tafiyata. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba, na ce Alhamis.

Ranar Alhamis na isa tasha da akwati, sai ga su zaune a kan benci, kowa da 'yar jakarsa. Ticha har da laima. Ban ji daɗin ganinsu ba, domin ban daɗe da samun muƙamin ba, kuma na san idan Hajiya ta gan ni da su za ta ɗauka ni na haɗa gayyar don in karya maganarta. Na roƙe su su koma gida. Baba Saja ya ce motar haya ce, ba tawa ba ce, kuma ba ni da ikon hana dattijo zuwa Yendi gaida 'yan'uwa. Na tambaye shi wa yake da shi a Yendi. Ya ce idan ya isa zai nema.

Ba mu yi nisa da gari ba muka iso shingen sojoji. Aka sauke kaya don dubawa. Wani soja ya buɗe akwatina, abin da ya fara cin karo da shi littafi ne mai hoton tankar yaƙi a bango. Ya buɗe ciki, ga taswira da kibiyoyi sun kewaye wani gari. Ya rufe a hankali, ya ce mai akwatin nan ya fito gefe. Na fito. Tsofaffin ma suka biyo ni ba tare da an kira su ba. Direba ya kashe mota, fasinjoji suka fara gunaguni, wata mata mai kwandon zabi tana cewa ita da ma tun a tasha ba ta yarda da akwatin nan ba.

Aka kira shugabansu, wani laftanan matashi. Na nuna masa katin aikina da hatimin ƙungiya da ke cikin kowane littafi, na yi masa bayanin inda za ni da su. Baba Saja ya miƙe ƙyam ya faɗi muƙaminsa da wuraren da ya yi aiki, laftanan ya gaishe shi da girmamawa. Sannan ya ɗauki littafin ya yi dariya, ya ce an sa su karanta shi a makarantar horo, kuma har ya fito bai kai ƙarshensa ba. Ticha bai bari damar ta wuce ba. Nan take ya tambaye shi, a matsayinsa na hafsa, ya kamata janar ɗin nan ya tsallaka kogin da wuri ko bai kamata ba? Laftanan ya ɗan yi tunani ya ce a ganinsa ya kamata. Ticha ya buɗe laimarsa ya rufe don murna, Baba Saja kuwa ya kau da kai yana kallon daji.

Da laftanan ya dubi katunan shaidarsu, ya ga sunayen da unguwannin, sai ya ɗaga kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Baba, tare kuke tafiya?”

“Dole ce ta sa,” in ji Baba Saja. “Idan na bar shi shi kaɗai ɓacewa zai yi. Bai san hanya ba sai a takarda.”

Laftanan ya sa aka mayar mana da akwati kan mota, ya yi mana fatan sauka lafiya. Baba Saja ya yi ta fushi har muka hau tudu muka tsaya Nalerigu shan ruwa. A nan ne ya ce da ma hafsoshi da malaman makaranta jirgi ɗaya ya kwaso su, su ne masu zana kibiya, saja ne mai ɗaukar kaya. Ticha ya saya masa soyayyen wagashi, wato cukun madarar shanu, aka shirya.

Mun isa Yendi da la'asar, muka tarar Hajiya ba ta nan, ta tafi Salaga duba reshen can. Na miƙa akwatin ga mai kula da ofis, aka ƙirga littattafan aka karɓa, aikina ya ƙare ke nan. Na ce wa tsofaffin gobe sai mu koma. Suka ce ba su zo Yendi don su ga akwati ya shiga sito ba. Ticha ya tambayi mai kula da ofis ko katinsa na aro yana aiki a nan. Aka ce katin ƙungiya ne, yana aiki a kowane reshe. Ya tambaya ko an hana ba da aron littattafan yaƙi a Yendi. Mutumin ya dube ni, na dube shi. Umarnin dai cewa ya yi a kwashe su daga Bawku, bai ce komai a kan Yendi ba. Haka aka buga wa Ticha hatimi a littafin nan mai tankar yaƙi, ya sa a jaka. Wani malami abokin mahaifina ya sauke mu a gidansa, da safe muka kama hanyar Salaga ta Bimbila. Na bi su ne domin idan har za a yi mini faɗa, gara a yi ina wurin.

A Salaga gidanmu na fara kai su. Mahaifiyata ta sa aka daka sakwarar sabuwar doya da miyar gyaɗa. Ticha irin Hausar kasuwar Bawku yake yi, wadda ba ta raba mace da namiji, yana ta ce mata “kai ka iya miya”. Ita kuwa tsohuwar gidan fatake ce, sai dariya take tana ƙara masa nama.

Bayan azahar muka sami Hajiya a ɗakin karatu tana duba kanta. Da ta gan mu mu uku, ta dube ni irin kallon da ban so ba. Baba Saja ya riga ni magana, ya ce yaron nan ya bi umarni daidai, akwati yana Yendi, su ne suka biyo shi ba da son ransa ba. Ta sa aka kawo musu kujeru da ruwa, ta gaishe su gaisuwar iyaye, sannan ta faɗi nata dalilin ba tare da ɓoye komai ba. Ta ce ita ba ta jin tsoron littafi. Abin da take tsoro shi ne wani abu ya faru a gari, a kama yaro, a ce an gan shi a ɗakinmu yana duba hoton bindiga. Ranar nan za a rufe reshen, idan ma an tsaya a rufewa. Kuma Seidu ɗan mutane ne, ita ta tura shi can, ita za ta amsa wa mahaifiyarsa.

Ban taɓa tunanin abin ta wannan fuska ba. Baba Saja ya karɓi littafin daga hannun Ticha, ya wuce bango da taswirori, ya buɗe can wajen ƙarshe. Hotuna ne na filin kaburbura da ba a ganin iyakarsa, da mata ɗauke da ƙunshin kaya a kan titi, da wani gari da babu rufi ko ɗaya a cikinsa. Ya ajiye a gabanta.

“Hajiya, na ga irin wannan da idona,” ya ce. “Wanda ya karanta littafin nan har ƙarshe ba ya sha'awar bindiga. Yaranmu a bango suke tsayawa. Idan kin kwashe littafin, bangon suna da shi a waya, ƙarshen ne ba su da shi.”

Hajiya ta daɗe tana kallon hotunan. Sai ta tambaye su, su da suka riga suka san ƙarshen, me ya sa ba za su karanta wani abu dabam ba, ga littattafan noma an zuba musu. Ticha ya ce sun gwada a kwana biyun nan. Sun ɗauko na albasa, shi ya ce albasa tana son ruwa, Saja ya ce haka ne, magana ta ƙare, suka zauna suna kallon juna. Hajiya ta yi dariya har ta riƙe baki da gyale. Da dariyar ta lafa, Ticha ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Hajiya, ba littafi kaɗai muka biyo ba. Duk garin babu inda ni da mutumin nan za mu zauna ba a tambaye mu dalili ba. Ni ba na iya zuwa gidansa, shi ba ya iya zuwa nawa. Amma idan an gan mu da littafi a tsakani muna faɗa, sai a ce ƙyale su, tsofaffi ne suna karatu.”

Hajiya ba mai saurin sauya magana ba ce, kuma ba ta sauya duka ba. Ta ce littattafan za su koma Bawku, amma ba kan kanta ba. Za a sa su a kabad mai gilashi, makulli a hannuna, a karanta su a cikin ɗaki, ba a fita da su. Sannan tunda su ne suka ce yara ba sa kaiwa ƙarshe, to su za su kai su. Kowace Asabar da safe su biyun za su zauna da duk saurayin da yake son ganin littattafan, su karanta tare, kuma tare za su zauna, idan ɗaya bai zo ba a ɗage. Baba Saja ya ce an karɓi umarni. Ticha ya ce shi dai a rubuta cewa shi ne malami, Saja mataimaki. Musun da suka yi a kan wannan bai ƙare ba har muka dawo gida.

Ni kuwa ta tsayar da ni bayan sun fita. Ta ce ranar da ta kira ni na fara yi mata bayani ta katse ni, wannan laifinta ne. Amma nan gaba idan na ga umarni zai taɓa mutane, in sake kira, in kuma sake, har sai ta saurara.

Asabar ɗin farko samari kaɗan ne suka zo, kuma kowane ɓangare ya zauna a nasa gefen teburin. Na lura hoton tanka suka zo gani. Suka tarar da tsofaffi biyu suna neman cinye juna a kan kogi, sai dariya ta kama su, wasu suka goyi bayan Saja, wasu Ticha, ba tare da duba unguwa ba. Bayan 'yan makonni sai da na aro benci daga makarantar da ke kusa. Ba zan ce muku zaman nan ya gyara garin ba, domin bai gyara ba. Akwai Asabar ɗin da ba mu buɗe ba sam. Amma duk ranar da aka buɗe, sun zo.

Wata Asabar ana tsakiyar karatu, wata mata mai sayar da albasa a bakin kasuwa, Maman Asibi, ta leƙo. 'Ya'yanta biyu suna cikin masu zuwa, ta zo ta ga abin da ke hana su taya ta ɗaukar buhu. Ta tsaya a ƙofa tana saurare, ta dubi kabad ɗin cike da littattafai, sai ta tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

“Malam, duk waɗannan na yadda ake yi ne? Babu wanda ya faɗi yadda ake dainawa?”

Ticha da Baba Saja suka taso suka zo wurin kabad ɗin. Na buɗe kabad muka duba ɗaya bayan ɗaya. Kowane littafi yana da ɗaruruwan shafuka a kan yadda aka fara da yadda aka gwabza, sulhun kuwa 'yan shafuka ne a ƙarshe, wani ma sakin layi ɗaya. Kullum ina goge littattafan nan, ban taɓa lura da haka ba, kuma su ma da suka haddace su ba su lura ba. A ranar na kira Hajiya na gaya mata abin da matar ta ce. Ta ce in bar mata wannan. Kafin ƙarshen zangon karatu sai ga ƙaramin kwali daga Yendi, cike da littattafai a kan yadda aka zauna teburin sulhu a ƙasashe dabam-dabam, da yadda maƙwabta suka koma cin kasuwa ɗaya bayan sun yi faɗa. Maman Asibi ba ta iya karatu ba, don haka ɗanta na fari ne ya riƙa karanta mata yana fassarawa, tana zaune a bakin ƙofa tana gyara albasa.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan, ku da za a tura rassa, kaɗan ne. Za a koya muku lamba da kati da hatimi, kuma ku riƙe su da kyau, domin su ne suka fitar da ni a shingen sojoji. Ku bi umarni, amma ku faɗa wa na sama abin da idonku ya gani, domin shi yana ofis, ku kuke tare da mutane. Kafin ku ɗauke littafi daga kanta, ku duba wa yake zama da shi, da abin da ya kawo shi. Sannan idan wani ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ku je ku ji abin da yake nema. Littattafan da suka fi amfani a reshen Bawku, wadda ba ta iya karatu ba ce ta sa aka kawo su.